Gadar taliya: abin da na riƙa rubutawa tun daga ranar farko

Laraba, 9 ga Oktoba, 2024

Yau na faɗa wa 'yan kulob ɗin JETS na makarantarmu, wato kulob ɗin ɗalibai masu sha'awar kimiyya da fasaha, aikin da za mu yi a wannan zango: za mu gina gada da taliya. Ɗanyar taliya ta leda, irin wadda ake samu a kowane shago a nan Zariya. Aji ya kaure da dariya, wani daga can baya ya ce, "Malam, da miya ko da mai da yaji?" Na bari suka gama, sannan na hau allo da ƙa'idoji.

Yara talatin ne, 'yan SS2, maza da mata, na kasa su rukuni shida. Gada za ta haye tazarar santimita 50 tsakanin tebur biyu. Nauyinta kada ya wuce giram 250, wato rabin leda, har da gam. Taliya da gam kawai: ba zare, ba tsinke, ba waya. Ranar gwaji za a rataya buhu a tsakiyarta, a yi ta zuba kaya har ta karye. Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce na fi ba muhimmanci. Kafin gwaji, kowane rukuni zai rubuta inda yake ganin gadarsa za ta fara karyewa, da dalilinsa, a rufe a ambulan. Rabin maki yana cikin ambulan ɗin nan.

Na daɗe ina koyar da Fiziks, kuma abin da ke damuna ɗaya ne. Yaro zai zana maka kibiyoyin ƙarfi a takardar jarrabawa tsaf, amma ka ɗaga masa yatsa ka nuna katakon rufin ajin da yake zaune, ka ce wanne ake ja, wanne ake dannewa, sai ya yi zuru. Ina so su ji abin a hannunsu.

Aikin ba ƙirƙirata ba ce. Kwalejin Okanagan da ke Kanada tana shirya gasar gadar taliya tun 1983. A 2009 wasu ɗalibai biyu daga Hangari suka je da gadar da ba ta kai kilo ɗaya ba, ta haye tazarar mita ɗaya, ta ɗauki kilo 443 kafin ta tarwatse. Da na ce musu kusan buhun siminti tara ke nan, sai dariyar ta tsaya.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ban bar kowa ya taɓa gam ba yau. Silin taliya ɗaya tak muka yi wa tambayoyi.

Na aro ƙaramin sikelin kicin mai nuna lamba. Muka tsayar da sili cikakke, mai tsawon santimita 25, a kan sikelin, yaro ya danna shi da yatsa daga sama. Lamba tana kaiwa wajen giram 30 sai silin ya lanƙwashe kamar baka, daga nan kuma ko ka ƙara danni lambar ba ta wani motsi. Muka raba sili biyu: rabin ya kai giram 110. Muka sake rabawa: kwatan ya haura giram 400. Sau biyar-biyar muka maimaita, lambobin suna ɗan bambanta amma tafiyarsu ɗaya. Ka rage tsawo da rabi, ƙarfin ya ninka kusan sau huɗu. Wannan shi ne lissafin da masanin lissafi Leonhard Euler ya fitar tun 1744, kuma ban rubuta musu shi a allo ba sai da lambobinsu suka jeru a gabansu.

Daga nan muka juya lamarin. Muka manne bakin sili tsakanin 'yan kwalaye, sama da ƙasa, muka rataye shi a jikin taga, muka riƙa ɗora masa ruwan leda, kowace leda kusan rabin kilo. Ya riƙe bakwai, a ta takwas ya tsinke. Silin da giram 30 ya durƙusar da shi a danni, shi ne ya riƙe kusan kilo huɗu a ja.

Wata yarinya a rukuni na uku, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta ce, "Malam, ashe taliya ba ta tsoron ja, danni take tsoro." Na ce ta tashi ta rubuta maganarta a saman allo, kada kowa ya goge.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Da safe shugaban makaranta ya aiko kirana. Na tarar da mahaifin wani yaro a ofis, dattijo mai natsuwa. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, yaro ya zo ya ce in saya masa taliya za a yi gini da ita a fasa. Ka san yadda gari yake. Akwai gidan da ledar nan ita ce abincin darensu. Kuma ka san abin da Allah ya faɗa a kan almubazzarai." Ayar Suratul Isra'i yake nufi, wadda ta kira su 'yan'uwan shaiɗanu.

Ban yi gardama ba, don gaskiya ya faɗa. Na tsara komai na aikin nan, tazara, nauyi, maki, ban tsaya na yi tunanin cewa abinci zan sa yara su shafa wa gam a shekarar da kuɗin abinci ya gagari mutane ba. A ƙasashen da ake wannan gasa, arahar taliya ce ta sa aka zaɓe ta. A nan kuwa ba haka take ba.

Na ce, "Baba, ka ba ni kwana biyu. In ban samu hanyar da ba za a taɓa abincin kowa ba, za mu koma karan dawa." Ya ce Allah ya yi jagora. Na kuma janye maganar sayen taliya daga kan iyaye gaba ɗaya.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na shiga kasuwar Sabon Gari na bi manyan shagunan 'yan sari. A shago na huɗu na samu wani Alhaji yana da katan biyu da wa'adinsu ya wuce, wasu ledojin ƙwari sun shiga, ya ware su gefe ba zai sayar wa mutane ba. Na yi masa bayani. Ya dube ni ya ce, "Malam, gada fa ka ce?" Na nuna masa hoto a waya. Ya ce in ɗauki katan ɗaya kyauta, da sharaɗin in kawo masa hoton tamu.

Na biya ta gidan dattijon na gaya masa. Ya ce wanda ya karye bai taɓa gam ba a tara wa kaji. Mun sa kwano a kusurwar ɗakin gwaji don haka.

Laraba, 23 ga Oktoba

Tsinta muka fara yi, kamar masu gyaran shinkafa. Silin da ƙwaro ya huda, da mai farin tabo, da mai tsaga, duk kwanon kaji. Sauran a mirgina su a kan tebur: wanda ya mirgina sumul miƙaƙƙe ne, wanda ya yi ɗingishi a ajiye shi don gajerun sanduna. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya fita.

Sai gam. Huɗu muka gwada. Farin gam na kafintoci ruwa ne a cikinsa, taliya kuwa ruwa take nema: bakin silin ya yi laushi, da ya bushe sai ya karkace. Amma in aka shafa shi kaɗan-kaɗan a jikin sili don haɗa ƙulli, aka daure da roba aka bar shi kwana biyu, yana yin kyau. Gam ɗin kyandir, wanda ake narkawa da 'yar bindigar wuta, yana kamawa nan take, sai dai ko ya huce yana nan kamar roba, in kaya ya yi nauyi sili na zamewa daga ciki. Ɗan ƙaramin gam mai kama yatsa ya kama yatsu uku yau, na hana shi. Wanda ya fi duka shi ne mai haɗi biyu, irin wanda masu gyaran radiyeta ke cakuɗawa, amma yana da tsada kuma yana da nauyi. Kowane rukuni ya samu ƙwaya ɗaya, su san inda za su kashe ta.

Laraba, 30 ga Oktoba

Murabba'i da alwatika. Na sa kowa ya haɗa murabba'i da sili huɗu ya tura kusurwa ɗaya, ya kwanta. Aka gicciya sili na biyar, ya tsaya ƙyam. Sannan muka fita baranda inda silin rufi ya ɓalle, muka ɗaga kai muka ƙirga alwatika nawa kafinta ya kafa a ƙarƙashin kwano. Na nuna musu hoton gadar Neja ta Onitsha, wadda aka gama a 1965, alwatikar ƙarfe ce jere tun daga wannan gaɓa har waccan.

Na zana musu ƙira uku. Ta Howe, ta 1840, sandunanta na karkace danne su ake yi, na tsaye kuma ja. Ta Pratt, ta 1844, akasin haka: dogayen na karkace su ake ja, gajerun na tsaye su ake dannewa. Ta Warren, ta 1848, alwatika ce zalla, wannan sanda ja, ta kusa da ita danni. Ban ce musu ga wadda ta fi ba. Na dai ga 'yan rukuni na uku sun ɗaga kai sun kalli jimlar da ke saman allo, suka zaɓi Pratt ba tare da dogon zance ba. Rukuni na shida suka ɗauki Howe don ta fi musu kyau a ido. Na yi shiru, kuma shirun bai zo mini da sauƙi ba.

Rukuni na biyu suka ce su baka za su yi. Shugabansu jikan magini ne daga cikin birni, ya ce kakansa ya nuna masa bakan gizon tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, da yadda ake jera azara tana hawa kan juna ana ɗaurewa har baka ya haɗu a sama. Na ji daɗin wannan sosai. Baka danni yake ɗauka tun daga ƙasa har sama, don haka sai sun yi shi da gajerun guntaye masu kauri. Na gaya musu wannan, na bar musu sauran.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Tun da danni ne matsalar, yau ƙulli muka koya. Sili bakwai suna zama da kansu, ɗaya a tsakiya shida kewaye da shi. Muka ɗaure bakwai da roba a wuri ɗaya muka danna a sikeli: giram 200 da 'yan kai, wato ƙarfin sili ɗaya sau bakwai, ba ƙari. Muka ɗauko wani ƙullin bakwai da na manne tun Litinin daga sama har ƙasa: ya wuce kilo ɗaya bai lanƙwashe ba. A lissafi ƙarfinsa ya haura na sili ɗaya sau hamsin, saboda silin ba sa iya zamewa a jikin juna, sun zama sanda ɗaya mai kauri. Wani yaro ya ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Na ce a nan maɗauri ɗaya bai isa ba, sai an haɗa tun daga kai har gindi.

Na ba su labarin gadar Kwibek a Kanada, wadda ta rufta a watan Agustan 1907 ana cikin gininta, ma'aikata 75 suka mutu. Manyan sandunan ƙarfen da ke ɗauke da danni ne suka lanƙwashe, kuma an ga sun fara karkacewa kwanaki kafin ranar, aka ci gaba da aiki. Abin da silinsu yake yi a kan sikeli, shi ƙarfen ya yi. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci.

Saura matsalar tsawo: sili santimita 25 ne, gada kuwa sai ta kai 55. Dole a yi haɗi, kuma kada haɗin sili bakwai ya faɗo wuri ɗaya. A sassaɓa shi kamar yadda magini ke sassaɓa bulo.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Gini ya kankama. An ɗauke wuta tun azahar, masu gam ɗin kyandir suka koma narka shi a harshen kyandir na gaske, yatsu biyu sun ƙone kaɗan.

Na yi kuskure a makon jiya: ban tilasta kowane rukuni ya zana gadarsa da cikakken girmanta a kwali ya gina gefe biyun a kan zane ɗaya ba. Rukuni na ɗaya sun gama gefe biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsayi da kusan santimita guda. Sun warware ɗaya. Aikin kwana uku ya tafi, laifin kuma nawa ne, na gaya musu haka.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ɓera ya shiga ɗakin gwaji. Ya cinye ƙasan gadar rukuni na huɗu, wadda ta fi kowace nisa a aiki. Ɗaya daga cikinsu har da hawaye. Gam ɗinsu mai haɗi biyu ya kusa ƙarewa, lokaci kuma saura mako biyu. Na ce zan ƙara musu mako, suka ce a'a, ƙarama za su yi mara nauyi, tun da maki yana bin abin da gada ta ɗauka a kan nauyinta ne. Yanzu duk gadojin suna kwana a akwatin ƙarfe.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Hunturu ya shigo sosai, hazo ya rufe gari. Gam na bushewa da wuri, taliyar ma ta ƙara ƙarfi a hannu amma ta ƙara saurin ɓallewa, in aka yanka da almakashi sai guntu ya yi tsalle. Mun koma karta sili da reza sannan a karya.

Awon farko: gada biyu sun wuce giram 250. Rukuni na biyar, waɗanda suka ƙi alwatika suka manna taliya jere kamar allon katako, giram 310. Sai da suka ɓare layi guda. Rukuni na biyu kuma, don su sauko, suka cire sandunan da suka gicciya tsakanin bakansu biyu. Na tambaye su ko sun tabbata. Suka ce ai waɗannan ba su ɗauke da komai.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Ambulan shida suna cikin aljihun teburina. Rukuni na uku sun fi minti arba'in suna jujjuya gadarsu a hasken taga kafin su rubuta.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ranar gwaji. Mun yi a ɗakin taro, iyaye kusan ashirin suka zo, dattijon nan yana layin gaba. Na ja layi da alli na ce kada kowa ya tsallake, mai zuba kaya kuma ya sa tabarau, don taliya in ta fashe tsalle take yi. Ruwan leda jaka uku muka tanada. Bayan kowace karyewa sai a auna buhun a sikelin rataye.

Allon rukuni na biyar ya fara lotsawa tun leda ta biyu, ya rabe a kilo 3. Bakan rukuni na biyu, wanda kowa ya taru yana ɗaukarsa hoto, ya kai kilo huɗu da rabi, sai bakan biyu suka kwanta gefe guda tare kamar an tura su. Ko sili ɗaya bai karye ba kafin su kwanta. Howe ta rukuni na shida ta kai kilo 7, dogayen sandunan karkace suka yi ciki ɗaya bayan ɗaya muna kallo. Ta rukuni na ɗaya kilo takwas da rabi, sili ya zare daga gam ɗin kyandir a mahaɗar tsakiya. 'Yar ƙaramar gadar rukuni na huɗu, giram 160, ta ɗauki kilo 11, kusan nauyinta sau 69.

Ta rukuni na uku muka bari ƙarshe. Giram 246, tsayi santimita 12, ƙullin bakwai a sama, an gicciye ta sama da ƙasa, gam mai haɗi biyu a mahaɗai kawai. Jaka ta farko ta ƙare. Ta biyu ta ƙare. Ɗakin ya koma ƙirgawa da murya ɗaya, har iyayen. A leda ta 44 aka ji ƙas, yarinyar da ke zubawa ta tsaya ta dube ni, na ce ta ci gaba. A ta 47 gadar ta tashi kamar an watsa tsakuwa. Kilo 23, nauyinta sau 93.

Dattijon ya tashi ya zo ya tsinci guntu ɗaya daga ƙasa yana jujjuyawa. Ɗansa a rukuni na huɗu yake, masu ɓera. Ya ce, "Malam, karan dawa zai iya haka?" Na ce ban sani ba sai mun gwada. Ya ce shi zai kawo karan.

Laraba, 4 ga Disamba

Mun buɗe ambulan, kowane rukuni da guntayen gadarsa a gabansa da bidiyon da aka ɗauka a waya, muna tsayar da shi hoto-hoto.

Uku sun ci. Rukuni na shida, waɗanda na ɗauka ba su fahimta ba, sun rubuta cewa dogayen sandunan karkace ne za su fara lanƙwashewa don danni suke ɗauka, sun gano haka bayan sun gama gini, lokaci kuma ya ƙure. Na ba su cikakken makin ambulan duk da kilo bakwai ɗinsu. Rukuni na huɗu sun ce sandar sama ta tsakiya, haka kuwa aka yi. Rukuni na uku sun rubuta: sandar sama ta biyu daga hagu, saboda ƙullin ya ɗan karkace lokacin bushewa, kuma karkataccen abu ba ya jiran lissafin Euler. A bidiyo, a daidai nan ta fara.

Rukuni na biyu sun ce ƙoƙon baka ne zai fashe. Shugabansu ya kalli bidiyon sau uku, sannan ya ce a masallacin ma bakan ba shi kaɗai yake tsaye ba, wani baka yana gicciye da shi, bango kuma yana tokare. Ya roƙi in ba shi ragowar taliyar ya sake ginawa a hutu da sandunan da suka cire. Saura leda huɗu a katan ɗin, na ba shi biyu.

Gobe jarrabawa za ta fara. Guntayen da suka taɓa gam na zuba su a kwalaye shida na rubuta lambar kowane rukuni, 'yan SS2 na baɗi za su fara da su. Na wanke hoto biyu, ranar Asabar zan kai wa Alhaji shago.